Baƙunta a garin kanal: ki riga yaranki sanin hanyar ruwa

Uwargida, idan kin tashi a Darki kin san kogin Wudil, kin san yashinsa da yadda ruwansa ke ja baya da rani. Amma idan aure ko neman abincin maigida ya kai ki Kura, Kadawa, Garun Malam ko Bunkure, wani ruwa daban za ki tarar. A can ruwa yana bin hanyoyin da mutum ya gina masa, waɗanda ake kira kanal, kuma suna ratsa gonaki har kusa da gidaje.

Akwai biranen da suka shahara da irin wannan zama, kamar Benis ta Italiya mai gadoji sama da 400. Namu na noma ne. Ruwan yana fitowa daga dam ɗin Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, a farkon shekarun 1970, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da shi. Da shi ake noman shinkafa, alkama, albasa da tumatirin da ke cika kasuwar Kwanar Gafan.

Baƙuwa takan so ta lafe a ɗaki har ta saba. To yaranki ba za su jira ki ba. Cikin kwana biyu sun yi abokai, abokan kuma bakin ruwa za su fara nuna musu. Don haka ki nemi izinin maigida, ki samu maƙwabciya ko ƙanwar miji 'yar gari, ku taka da ƙafa da sanyin safiya ko bayan la'asar. A kan babur ba za ki ga abin da yaro ke gani ba.

Ki fara da hanyar da yara za su riƙa bi: makarantar boko, Islamiyya, injin niƙa, shagon da ake aike. A kowace ki duba inda take haɗuwa da ruwa. Gada ce ake tsallakawa, ko wani katako aka ɗora? Gadar tana da abin riƙewa? Inda gada ta yi nisa, nan yara ke yanke, nan kuma ya kamata ki fi sa ido.

Ki tsaya ki kalli gefen babban kanal da kyau. Kogi yana da tudun yashi da ake shiga a hankali. Kanal kuwa gefensa gangare ne, galibi na siminti, ga gansakuka mai santsi, wanda ya zame da wuya ya samu abin kamawa. Ruwan ma ba ya tsayawa a mataki ɗaya. Inda kika gani iya idon sawu yau, idan aka buɗe ƙofar ruwa gobe sai ya shanye yaro. Ki tambayi matan unguwa lokutan da aka saba sakinsa.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Ƙananan dodon koɗi da ke zama a ruwa mai tafiya a hankali suna ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata lokacin wanka ko wanki. Idan kin ga jini a fitsarin yaro, kada ki yarda da masu cewa alamar girma ce. Ki kai shi asibiti, akwai maganinta, praziquantel.

Tafiyar tana da nata daɗi. Za ki ga koren gonaki a tsakiyar rani, ki san gidajen da mata ke turara shinkafa, wataƙila ma ki samu sana'a. Bayan kin san gari, sai ki kama hannun yaran ku sake bin hanyar tare, ki nuna musu inda za su tsallaka da inda ba za su kusanta ba, babba kuma ya san ƙaninsa amana ne. Allah Ya tsare mana zuri'a.