Haddar Kalmomin Turanci: Tsawon Kalma ko Saiwarta?

Sau da yawa ɗalibin sakandare yakan fahimci darasin kimiyya sarai idan malami ya yi masa bayani da Hausa, amma ranar jarrabawar WAEC ko NECO sai kalma guda ta Turanci ta hana shi gane abin da ake tambayarsa. Wannan ne ya sa ɗalibai da dama suke cika littattafansu da jerin kalmomi suna hadda. Abin dubawa shi ne, wane irin jeri ne ya fi amfani?

Hanyar 'Yan Wasan Scrabble

Babu masu haddace kalmomin Turanci kamar 'yan wasan Scrabble. Wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Alfred Butts, shi ne ya ƙago wasan a shekarar 1938, bayan ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a shafukan jarida. Saboda haka ne cikin 'ya'yan wasan guda 100 harafin E yake da 12, kowanne da maki 1, alhali Q da Z ɗai-ɗai ne, kowanne da maki 10.

Gwanayen wasan sukan kasa kalmomi gwargwadon tsawonsu. Sukan fara da masu haruffa 2, sannan masu 3, har su kai ga masu 7 da 8. Bayan haka sai su tara waɗanda suka yi tarayya a haruffa. Alal misali, listen da silent da enlist duk haruffa 6 ne iri ɗaya aka jujjuya, ga shi kuwa ta farko tana nufin saurare, ta biyu shiru, ta uku shiga aikin soja. A wannan wasa ne Wellington Jighere, ɗan Nijeriya, ya zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, shi ne kuma ɗan Afirka na farko da ya kai wannan matsayi.

To, amma wasan ba ya tambayar ma'ana. A wannan shekarar ce dai Nigel Richards, mutumin Niyu Zilan, ya ci gasar duniya ta Scrabble a harshen Faransanci, alhali ba ya jin harshen. Jerin kalmomin kawai ya haddace. Irin wannan hadda tana gyara rubutu, amma ba ta amsa tambayar jarrabawa.

Haruffa Masu Ɗauke da Ma'ana

Hanya ta biyu ita ce tara kalmomi bisa saiwarsu. Ɗalibin da ke zaune a Gwammaja ba sai ya yi nisa wajen neman misali ba. A unguwar ne gidan marigayi Malam Aminu Kano yake, wato Gidan Mambayya, wanda a yau cibiya ce ta nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Kalmar democratic da ke cikin sunan cibiyar daga Girkanci take: demos na nufin jama'a, kratos kuwa mulki. Wanda ya riƙe demos ya sami mabuɗin demography, wato nazarin yawan jama'a, da epidemic, wato annobar da ta auka wa jama'a.

Haka nan kuma, kusa da unguwar akwai Asibitin Ƙashi na Dala, mai ɗauke da kalmar orthopaedic a sunansa. Wani likita Bafaranshe, Nicolas Andry, shi ne ya ƙirƙiri kalmar a 1741 daga orthos, miƙaƙƙe, da pais, yaro, domin littafinsa a kan gyaran gaɓoɓin yara ne. Har ya sa hoton karkataccen icce ɗaure da turke, kamar dai yadda Bahaushe ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga orthos ɗin ne aka sami orthography, wato daidaitacciyar ƙa'idar rubutu.

Ta wannan hanya doguwar kalma takan zama mai sauƙi. Photosynthesis tana da haruffa 14, amma gaɓa biyu ce kacal: photo, haske, da synthesis, haɗawa. Ke nan ganye yana haɗa abinci da taimakon haske. Wanda kuma ya san micro na nufin ƙarami, tele na nufin nesa, ba zai rikita microscope da telescope ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga mai jin Hausa. Yaro ya san ɗafa-goshin ma- yana nuna wurin aiki a makaranta da marina da maƙera, ɗafa-ƙeyar -anci ko -ci kuma tana nuna harshe a Turanci da Larabci da Kananci. Almajirin zaure ma ya san baƙaƙe uku ne suka haifi kitab da katib da maktab.

Hattara

Sai dai ba kullum tarayyar haruffa take nuna tarayyar ma'ana ba. Ɗafa-goshin in- yana kore ma'ana a invisible, wato abin da ba a gani. Amma inflammable da ake rubutawa a jikin tankar mai da kwalaben ɗakin gwaje-gwaje tana nufin abu mai saurin kama wuta ne. Wanda ya ɗauka korewa ce yana iya ƙona kansa. Don haka saiwa hasashe take bayarwa, ƙamus ne mai tabbatarwa.

Kammalawa

Yana da kyau malamin kimiyya ya keɓe minti biyar a farkon darasi, ya rubuta saiwa guda a allo, ɗalibai su kawo 'ya'yanta daga littattafansu, a duba kowace a ƙamus, a kuma sa ta cikin jimla. Wasan Scrabble ya dace da ƙungiyoyin makaranta domin kaifafa rubutu, muddin aka sa sharaɗin cewa duk wanda ya ajiye kalma sai ya faɗi ma'anarta kafin a ba shi maki.