Ƙoda da Yadda Fitsari Ke Samuwa

Galibin ɗalibanmu su kan zo aji da zaton ruwan da mutum ya sha shi ne ke gangarawa daga ciki kai tsaye zuwa mafitsara. Ba haka abin ya ke ba. Ruwan da aka sha sai ya shiga jini tukuna ta bangon hanji, daga jini kuwa a ke yin fitsari, a cikin ƙoda. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana wannan aiki da Hausa, yadda malami zai iya koyar da shi a aji.

Siffar ƙoda

Malamin da ke zaune a Gonin Gora, bisa hanyar Kaduna zuwa Abuja, ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Sai ya je wurin mahauci ya sayi ƙodar rago ko ta akuya, gama su suka fi kama da ta mutum, sumul, siffar ƙwayar wake. Ta saniya ƙulli-ƙulli ce, za ta ruɗa yara. In ya tsaga ta a tsaye zai ga sassa uku: ɓawo na waje, sa'an nan tsakiya mai zane-zane kamar tsintsiya, sa'an nan wani farin mazurari inda fitsari ke taruwa.

Mutum yana da ƙoda biyu, tsawon kowace wajen santimita 11, nauyinta wajen giram 150. Suna bayan hanji, dama da hagun ƙashin baya, ƙarƙashin haƙarƙari na ƙarshe. Ta dama ta ɗan fi sauka ƙasa domin hanta ta danne ta. Daga kowace akwai siririn bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 wanda ke kai fitsari mafitsara.

A cikin kowace ƙoda akwai 'yan matatu wajen miliyan ɗaya, ido ba ya rarrabe su. Masana suna kiran ɗayansu nefron. Kowane nefron abu biyu ne: dunƙulen jijiyoyin jini sirara zaune cikin ɗan ƙoƙo, da kuma dogon bututu mai lauje-lauje da ya fito daga ƙoƙon. Marcello Malpighi na Italiya ya ba da labarin dunƙulen a 1666, William Bowman na Ingila kuma ya nuna a 1842 cewa ƙoƙon da bututun haɗe su ke.

Aiki uku

Na fari shi ne tacewa. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa ƙoda ya ke zuwa, watau fiye da lita ɗaya kowane minti. Ƙarfin bugun ya kan matse ruwa daga jijiyoyin zuwa cikin ƙoƙo. Ƙwayoyin jini da furotin sun fi ƙarfin ƙofofin, ba su wucewa. Amma ruwa, da gishiri, da sukari, da yuriya, watau dattin da hanta ke yi bayan jiki ya ci amfanin nama da wake, duk su kan wuce. Abin da a ke tacewa a kwana ɗaya ya kai lita 180, daidai da jarka tara ta ɗan garuwa mai cin lita 20.

To, ga tambaya: ina wannan ruwa ya ke tafiya, tun da fitsarin kwana ɗaya wajen lita ɗaya da rabi ne kurum? Amsa ita ce aiki na biyu, watau mayarwa. Sa'ad da ruwan ke bin bututu, bangon bututun yana ɗebe abin da jiki ke so yana mayar da shi cikin jini: sukari duka, gishiri galibinsa, ruwa kuwa kashi 99 cikin 100. Wearn da Richards suka tabbatar da haka a Amurka a 1924. Suka zuƙo ɗigon ruwa daga ƙoƙon ƙodar kwaɗo da siririn tsinken gilashi, suka sami sukari a ciki, alhali babu shi a fitsarin da ke mafitsara.

Na uku shi ne zubarwa. Bangon bututun ya kan tsinto waɗansu abubuwa daga jini, kamar tsami da ya yi yawa da ragowar magunguna, ya jefa su cikin ruwan da ya saura. Abin da ya kai mazurari bayan wannan duka shi ne fitsari.

Mutanen Kaduna sun san kalmar matata tun da aka buɗe matatar mai a 1980, don haka kiran ƙoda matata yana da sauƙin shiga kai. Sai dai rabin magana ce. Misalin da ya fi dacewa shi ne na mace mai sharar ɗaki, wadda ta fitar da kayanta duka tsakar gida, sa'an nan ta mayar da abin da ta san nata ne, ta bar saura a kwashe. Amfanin wannan dabara shi ne ba sai ƙoda ta san kowane irin datti ba. Abin da ba ta ɗauko ba, ya tafi.

Zafi da ƙishirwa

A watannin Maris da Afrilu, lebura mai buga bulo a rana ya kan zubar da gumi mai yawa. Jininsa ya ɗan yi kauri, ƙwaƙwalwa ta ji, ta tayar da ƙishirwa. Har wa yau wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ya saki sinadari cikin jini wanda ke umurtar bututun ƙoda su ƙara tsotse ruwa. Shi ya sa fitsari ke raguwa, ya yi duhu kamar shayi. Haka ya ke ga mai azumi da la'asar. Amma tattalin yana da iyaka: sai da wajen rabin lita a kwana ƙoda ke iya fitar da datti. In rashin ruwa ya tsananta, kamar ga yaro mai amai da gudawa, aikinta na iya tsayawa.

Abin da fitsari ke nunawa

Wanda ya gane ayyukan nan uku zai gane alamun cuta. In sukari ya yi yawa a jini har ya fi ƙarfin mayarwa, sai ya fita a fitsari ya ja ruwa tare da shi, shi ya sa mai ciwon sukari ke yawan fitsari da ƙishirwa. In ƙofofin tacewa suka lalace, furotin ya zube, fitsari ya yi kumfa, fuska da ƙafafu su kumbura. Jini a ƙarshen fitsarin yaro mai wanka a rafi kuwa galibi tsargiya ce. Tsutsarta, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, tana fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fata, ta zauna a jijiyoyin mafitsara. Ba alamar balaga ba ce. Tana da magani, amma in aka ƙyale ta tana iya toshe hanyar fitsari har ƙoda ta lalace.

Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu kashe ƙoda, kuma a hankali su ke yi, ba ciwo, gama nefron da suka saura su kan ɗauki aikin waɗanda suka mutu. Yawan shan maganin ciwon jiki da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba suna ƙara mata nauyi. In ta gaza, sai wankin ƙoda da na'ura, irin wadda Willem Kolff ya fara ƙerawa a Holan a 1943, wajen awa huɗu sau uku a mako, ko kuwa dashe, wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara yi a 2002. Dukansu suna da tsada ƙwarai, awon jini da na fitsari kuwa araha ne.

Saboda haka muna shawartar malamai su riƙe kalmomin nan uku, tacewa, mayarwa, zubarwa, su fi ba da ƙarfi ga ta tsakiya, domin nan ɗalibi ya fi ɓata. In aka tambaye shi ina jarka tara suka tafi, ya amsa daidai, to, ya gane darasin.