Gudun Famfalaki: Daga Hunturun Yerwa Zuwa Gumin Ikko

Gudun famfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, tsawonsa mil 26 ne da yadi 385, wato kilomita 42 da mita 195. A wasannin Olamfik na London, cikin 1908, aka fara gudun wannan tsawo, sa'an nan a 1921 aka tsayar da shi ya zama ƙa'ida ga duniya duka. In za a kwatanta wa mutumin Maiduguri, sai a ce ya tashi daga ƙofar fadar Shehu da gudu, ya isa Konduga, har ila yau da sauran tafiya a gabansa.

Tun 2016 ake yin babbar gasar wannan gudu a Ikko, galibi cikin watan Fabrairu, dubban mutane kuwa ke shiga. Kyautar farko galibi mutanen Kenya da na Habasha ke tafiya da ita, 'yan ƙasarmu da ke taɓukawa kuma yawanci daga Jihar Filato suke. Dalili a fili yake. Garin Iten na Kenya yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 2,400, Jos ta kai wajen 1,200, amma Maiduguri ba ta wuce 300 da 'yan kai ba, kuma wanda ya tashi inda iska ba ta da kauri jininsa ya fi iya ɗaukar numfashi. Duk da haka mu ma mun taɓa yin gwani: Abbas Mohammed ya wakilci Nijeriya a Olamfik na Seoul a 1988, a 1990 kuma ya gama wannan gudu cikin awa 2 da minti 16.

To, amma saurayin Mafoni da ya sa wannan abu a ransa, ko tela ne ko malamin makaranta ko mai tuƙa Keke, ba kyauta yake hari ba. Burinsa ya kai ƙarshe da ƙafafunsa, ko da zai ci awa biyar. Wannan kuwa ba ƙarfin ƙirji ke kawo shi ba, shiri ne na wata huɗu zuwa biyar.

Unguwar Mafoni tsohuwa ce, domin a nan Turawa suka kafa zangonsu kafin Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa cikin 1907. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ga rairayi a lunguna, ga inuwar dogon yaro a bakin titi. Sai dai tun da fitina ta ɓarke a 2009, mai hankali ba ya bin hanyar Bama ko ta Damboa shi kaɗai da duku-duku. Saboda haka dogon gudu sai a cikin gari, a zagaya ta Dandal, ko Dandalin Ramat, ko filin wasa na El-Kanemi, a yi ta maimaitawa. Abin da gundura, amma gundurar ma horo ce. Lokacinsa kuwa bayan sallar Asuba, kafin Keke su cika titi.

Ka'idar masana ita ce a fita sau uku ko huɗu a mako, a riƙa gudu a hankali yadda mutum zai iya hira da abokin gudunsa ba tare da haki ba. Rana ɗaya a mako ake warewa ta dogon gudu, a fara da kilomita 8 ko 10, a yi ta ƙari kaɗan-kaɗan, kada ƙarin mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma, har a kai 30 ko 32. Idan saura mako biyu ko uku, sai a rage, jiki ya huta. Yawancin waɗanda gwiwa ko agara ke kayarwa gaggawa ce ta kai su.

Babban al'amari ga ɗan Mafoni shi ne yanayi. A watan Afrilu zafin Maiduguri kan zarce digiri 40, ba mai yin dogon gudu a ciki sai mai neman ajalinsa. Sa'ar da aka yi, shirin gasar Fabrairu yakan faɗo daga Oktoba zuwa Janairu, lokacin da hunturu ke sauka. Amma a nan tarkon yake. A hunturu iska busasshiya ce ƙayau, gumi na fitowa yana bushewa, jiki ya yi sanyi, mutum ya ga kamar ya ƙware. Ikko kuwa bakin teku ce, da safe damshin iska kan haura kashi 80 cikin 100, gumi ya yi ta zuba ba ya bushewa, zafi ya taru a jiki, zuciya ta ƙara bugu. Saurin da aka saba da shi a Dandal, idan aka ɗauke shi a Ikko tun daga farko, kafin rabin hanya an sare. Jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da irin wannan zafi. Mai hali sai ya sauka Ikko da wuri. Marar hali ya mai da wasu gajerun gudunsa na makonnin ƙarshe zuwa hantsi, ranar gasa kuma ya fara da sanyin jiki, ya bar masu zumuɗi su wuce.

Sai batun ciki. Abincin da jiki ke ajiyewa a tsoka don aiki yakan ƙare wajen kilomita 30, a nan ne za a ga ƙato ya tsaya cak, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Maganinsa a ƙoshi da tuwo ko shinkafa ko burabusko a kwanakin da suka gabata, a riƙe 'yan dabino a aljihu ana ci a hanya, kuma a gwada wannan tun a gida, kada a bari sai ranar. Ruwa ma da ƙa'idarsa. Rashinsa na kayarwa, yawansa ba tare da gishiri ba shi ma yakan tsinka jini har mutum ya suma, don haka ruwan gishiri da sukari, irin wanda ake ba yaro mai gudawa, ya fi ruwa zalla a dogon gudu.

Azumi kuma ya matso wannan lokaci, domin a 2025 cikin Maris aka yi shi, a 2026 ya kama cikin Fabrairu, kowace shekara yana ja baya da wajen kwana 11. Mai azumi gudunsa gajere ne, dab da magariba ko bayan tarawihi, dogon kuwa sai ya lissafa ya gama shi kafin a ga wata.

Abebe Bikila na Habasha ya ci gasar Rum a 1960 ba takalmi, amma wannan ba abin koyi ba ne a kan kwalta. Takalmin gwanjo na Kasuwar Monday ya wadatar, muddin ƙasansa bai cinye ba, kuma akwai sararin yatsa guda a gaba, don ƙafa takan kumbura. Wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ko wanda ke da sikila a danginsu, sai ya fara ganin likita kafin ya ɗaura shi. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar kuwa, ya bar gudu sai ya warke sarai, ko da zai rasa mako biyu daga lissafinsa.