Fiyano ɗaya, murya ɗaya: Wa zai iya tuna Ɗanmaraya ba da mamin ba?

DUK wanda ya saba zuwa biki a Sule Tankarkar ko Gumel ya san yadda abin ya ke. Da la'asar sakaliya za a kafa rumfa, a jera kujerun roba, a tada janareto, mai kiɗan DJ ya jona lasifikokin sa. In ango mai hali ne, sai a ɗauko mawaƙi takanas daga Kano. Zai riƙe makirfo ya na motsa baki, amma muryar da ke fita ta situdiyo ce, wadda aka ɗauka tun watannin baya aka wanke ta tas da kwamfuta. Wannan shi ake kira mamin. To ranar da mai ya ƙare a janareto ana tsakiyar rawa, nan ake ganin ikon Allah. Kiɗa ya ɗauke ɗif, mawaƙi ya tsaya ƙiƙam da makirfo a hannu, yara su na yi masa ihu.

Akwai mawaƙin da irin wannan kunyar ba ta isa ta kama shi ba, domin kayan aikin sa kaf bai wuce ya saƙale shi a hammata ba. Shi ne marigayi Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Jos ran Asabar, 20 ga Yuni, 2015, a farkon azumin watan Ramadan. A Yunin 2025 ya cika shekara 10 da barin duniya. Abin tambaya shi ne, a cikin mawaƙan finafinan Hausa wa zai iya zama da fiyano ɗaya, a gaban jama'a, ya rera waƙoƙin sa da bakin sa don tunawa da shi?

Irin wannan taro ba baƙon abu ba ne a duniyar waƙa. A Amurka da Ingila a kan shirya dare guda don karrama wani tsohon marubucin waƙa, ba kowa a kan dandamali sai mai fiyano da mawaƙi ɗaya. Masu kallon finafinan Indiya kuwa sun san Mohammed Rafi, wanda ya rasu ran 31 ga Yuli, 1980. Har yau in ranar ta zagayo, mawaƙa a can su na taruwa su rera waƙoƙin sa kai-tsaye.

MARAYAN BUKURU

An haifi Adamu a Bukuru, kusa da Jos, a 1946. Mahaifin sa makaɗi ne a fadar sarkin garin. Iyayen sa duka sun rasu ya na ƙarami, sarkin ya ɗauke shi ya riƙe, daga nan sunan Ɗanmaraya ya bi shi. Kuntigin da ya yi suna da shi abu ne mai sauƙi: gwangwani a rufe da fatar akuya, da ɗan sanda, da tsirkiya guda ɗaya tal. Da shi ya yi wa sojojin tarayya waƙa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Da shi ya zaga ƙasashen waje, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Marigayi Dakta Mamman Shata, wanda shi ma a watan Yuni ya rasu a 1999, ya na da makaɗan kalangu da 'yan amshi a bayan sa. Ɗanmaraya kuwa shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi. Sa'annan waɗanda ya fi yi wa waƙa talakawa ne. Waƙar da ta fara fito da shi ita ce ta 'Karen Mota'. Duk wanda ya je kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga yaran da ke lodin shanu da awaki a manyan motoci, su kwana a hanya a saman kaya, to ya ga mutanen da waƙar ke magana a kan su. Har gobe su na nan, kuma aikin bai sauya ba.

YA RIGA 'YAN FIM YIN FIM

Ga inda maganar ta shafi industiri. Tun kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da 'Turmin Danya' a 1990, Ɗanmaraya ya na shirya wasan kwaikwayo a cikin waƙa. A 'Jawabin Aure' rikicin miji da mata ya ɗauko. A 'Auren Dole' ya taɓo iyayen da ke aurar da 'ya ga wanda ba ta so. A 'Gulma Wuya' kuma ya fito da mai shiga tsakanin ma'aurata. Shi kaɗai zai ari bakin wannan ya yi magana, ya ari na wancan ya ba da amsa. Mai karatu ya lissafa finafinan da ya kalla, ya cire na auren dole, da na kishi, da na munafukar unguwa, ya ga nawa za su rage. Kenan labaran da furodusoshi su ka ci abinci da su shekara da shekaru, wannan bawan Allah ya riga su kai su kunnen jama'a da tsirkiya ɗaya.

Shi kuma fiyano, wato na'urar Yamaha da situdiyo irin na Iyan-Tama su ka shigo da ita harkar fim a Kano cikin shekarun 1990, shi ya ture kayan kiɗan gargajiya gefe. Daga lokacin da 'Sangaya' na kamfanin Sarauniya ya yi tashe, inda Ali Nuhu da Fati Mohammed su ka fito, kowa ya gane cewa yaro ɗaya da fiyano zai iya kwaikwayon sarewa da kalangu a zaune a ɗaki. Saboda haka in fiyano ya dawo ya rusuna wa kuntigi na dare ɗaya, ai bashi ya biya.

AIKIN BA WASA BA NE

Sai dai fa wanda zai gwada ya shirya. Na farko, dole mai fiyano ya kashe kiɗan nan da na'urar ke bugawa da kan ta, ya bar yatsun sa su yi aiki. Ɗanmaraya ya kan ja baiti ya tsawaita, ya kan kuma tsaya ya yi zance, kuntigi na biye da shi. Kiɗan inji ba ya jiran kowa.

Na biyu, yawancin kiɗan Hausa a kan sauti biyar ya ke tafiya, kuma baƙaƙen maɓallan fiyano su ma sauti biyar ne ke maimaita kan su, don haka akwai wurin haɗuwa. Amma tsirkiyar kuntigi ta na fitar da sautin da ke tsakanin maɓalli da maɓalli, wanda fiyano ba shi da shi. A nan sai muryar mawaƙi ta cike giɓin.

Na uku, Hausa harshe ne mai karin sauti. In mawaƙi ya lanƙwasa kalma don ta hau kan kiɗa irin na Indiya, ma'ana ta na iya ɓacewa, alhali waƙar Ɗanmaraya gaba ɗayan ta magana ce. Kuma babu na'urar gyaran murya da za ta rufa wa mutum asiri. In numfashi ya yanke a tsakiyar baiti, kowa zai ji.

Akwai kuma batun haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta na kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, kenan waƙoƙin Ɗanmaraya su na da masu su har ƙarshen 2085. Wanda zai ɗauki wasan ya sayar, ko ya sa a YouTube ya na karɓar kuɗi, ya kamata ya nemi iyalan marigayin, ya kuma ambaci sunan mai waƙa a fili. Ɗaukar karin tsohon mawaƙi a sauya masa kalmomi a ce sabuwar waƙa ce, wannan ba karramawa ba ce.

Ba sai an jira wani babban otal a Kano ko Abuja ba. A ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai samari masu murya da ke burin shiga waƙar fim, akwai kuma dattawan da su ka haddace waƙoƙin Ɗanmaraya tun zamanin rediyo da kaset. Abin da ake buƙata bai wuce fili, da tabarmi, da fiyano mai aiki da batir, da makirfo ɗaya ba. Dattawan su zauna a sahun gaba, domin su ne alƙalai. In yaro ya tsallake baiti, tun kafin ya rufe baki za su tuna masa.

Saurayin da ya tsallake wannan jarrabawa, ba furodusan da zai raina masa murya, kuma ko janareto ya mutu a gidan biki zai ci gaba da waƙar sa. Allah ya jiƙan Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, ya sa ya huta, amin.