Galan, kwat da kubik mita: yadda ake fitar da lissafin ruwa a Rigasa

A Rigasa da ke Ƙaramar Hukumar Igabi a Jihar Kaduna, gidaje da dama da jarka suke auna ruwa, domin da ita 'yan garuwa ke sayarwa. Mitar ruwa kuwa da kubik mita take ƙirga shi, sannan wasu tankuna da injinan jan ruwa da ake shigo da su daga waje na ɗauke da galan ko kwat. Wanda bai san yadda ma'aunan suke haɗuwa ba, zai iya biyan kuɗin ruwan da bai samu ba.

Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce cif, wato jarka 40 mai lita 25. Kwat kuma rubu'in galan ne, amma galan iri biyu ne. Na Ingila, wanda aka tsayar a 1824 kuma Najeriya ta yi aiki da shi kafin ta koma tsarin lita a shekarun 1970, lita 4.546 ne. Na Amurka lita 3.785 ne. Saboda haka kwat ɗin Ingila lita 1.137 ne, na Amurka kuma 0.946.

Domin mayar da kwat zuwa kubik mita, a fara mayar da shi lita, sannan a raba da 1,000. Kwat 500 na Amurka lita 473 ne, wato kubik mita 0.473, ƙasa da rabi. A kubik mita guda akwai kwat ɗin Amurka kusan 1,057, na Ingila kuma kusan 880.

Bambancin yana fitowa fili ne idan ruwan ya yi yawa. Tankin da aka ce yana cin galan 1,000 zai ɗauki kubik mita 4.55 idan galan ɗin Ingila ake nufi, amma 3.79 kacal idan na Amurka ne. Giɓin ya kai lita 761, jarka 30 ke nan. Magidancin da ke ciniki da mai tankar ruwa ya fi samun kariya idan aka yi maganar da lita tun farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mutum na buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana domin sha, girki da tsafta. A mafi ƙarancin wannan ƙiyasi, gida mai mutum goma zai ci jarka 20 kullum, kubik mita 15 a wata.