Rajistar da kwamfuta take rubuta wa kanta



Duk wanda ya je yin katin ɗan ƙasa a nan Gumel ya ga an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Waɗannan bayanai ana tura su ne zuwa wata babbar kwamfuta mai riƙe da rumbun bayanai. Manhajojin da ke kula da irin wannan rumbu suna da yawa. Wadda malaminmu na kwamfuta ya nuna mana ita ce MySQL, wadda ta fito tun 1995.

Da an kunna ta, sai ta fara karanta wani ɗan fayil mai suna my.cnf. A cikinsa ake gaya mata inda za ta ajiye bayanai da ƙofar da za ta jira masu shigowa. Idan ba a rubuta mata komai ba, ba ta tambayar kowa, sai ta bi saitin da ta zo da shi. Misali, ƙofarta lamba 3306 ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne tana da littattafan rajista, kamar wanda malamai ke sa hannu da safe. Littafin kurakurai a buɗe yake zuwa. Yana rubuta lokacin da ta tashi, da lokacin da aka kashe ta, da matsalar da ta samu. Amma littafin da ke rubuta duk wanda ya shigo da duk umarnin da ya bayar, a rufe yake zuwa, saboda yana saurin cinye wuri. Sai mutum ya buɗe shi da kansa.

To ku ɗauka makin jarrabawarmu ne a ciki, aka wayi gari 35 ɗin wani ya koma 75. Idan ba a buɗe littafin nan ba, wa za a tambaya?

Ko an buɗe shi ma akwai sauran rina a kaba. Agogon rajistar yana bin lokacin duniya na UTC, mu kuwa a Najeriya muna gaba da awa ɗaya. Idan ya ce an shiga ƙarfe 8 na safe, to ƙarfe 9 ne a Gumel. Wanda bai sani ba sai ya kama yaron da ya share ɗakin kwamfuta da safe, alhali mai laifin sai da aka fita tara ya shiga. Layi ɗaya ake ƙarawa a my.cnf, rajistar ta koma bin agogon kwamfutar.