Disparage: Kalmar da ta Taso daga Ɗaurin Aure ta Koma Kushe

Duk mai karanta jaridun Turanci ko takardun lauyoyi zai riƙa cin karo da kalmar disparage. Da wuya ka ji ta a bakin masu hira; wurinta rubutu ne da kotu da jawabin manya. Ma'anarta ita ce a ambaci mutum, ko aikinsa, ko hajarsa, ta yadda darajarsa za ta zube a idon jama'a. Mu kushewa muke cewa, ko ƙasƙantarwa. Wajen furuci, gaɓar tsakiya ake dannawa: dis-PA-rij.

Asalinta ya fi ma'anarta ta yau daɗin ji. Daga tsohon Faransanci ta shigo Turanci, tushenta kuwa par ne na Latin, wato tsara ko sa'a. A Ingila ta da, idan babban mai ƙasa ya mutu ya bar magaji ƙarami, sarki ne ke zama waliyyinsa, kuma yana iya sayar da damar aurar da shi ga wanda ya fi zube kuɗi. In aka haɗa marayan da wanda bai kai shi asali ba, to an yi masa disparagement ke nan. Abin ya ishi manyan ƙasar, har da suka matsa wa Sarki John ya amince da yarjejeniyar Magna Carta a 1215, sai da suka sa a sashe na 6 cewa kada a aurar da magada ga waɗanda ba tsaransu ba. Wanda ya karanta batun kufu'i a babin aure na fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sannu a hankali maganar aure ta faɗi, saukar da daraja ya rage.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne ɗaukarta daidai da criticize. Ba ɗaya ba ne. Malamin da ya ce lissafinka bai fita ba, ga inda ka kauce, gyara ya yi. Wanda ya taɓe baki ya ce irinku ba ku iya komai ba, shi ne ya yi disparage. Kuma kai tsaye kalmar take hawa kan abin da aka kushe, ba a sa mata about ko on a tsakani.

A shari'a ma tana da nauyi. Dokar alamun kasuwanci ta Amurka ta 1946 ta hana rajistar sunan da ke ƙasƙantar da wasu mutane. Da wannan hujja aka ƙi yi wa The Slants rajista, ƙungiyar mawaƙa 'yan asalin Asiya da suka ɗauki sunan da ake yi musu gori da shi. A 2017 Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe, ta ce ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki.

Ma'aikaci kuwa, a takardar ɗaukar aiki ko ta sallama zai fi gamuwa da ita, a sharaɗin da ake kira non-disparagement clause. A ganina nan ne ya kamata a buɗe ido sosai. Ƙarar ɓata suna takan rushe in an tabbatar abin da aka faɗa gaskiya ne, amma wannan sharaɗi, gwargwadon yadda aka rubuta shi, yana iya ɗaure bakinka ko da gaskiya za ka faɗa a kan kamfanin bayan ka bar aiki.